Masu Jin Maganar Inji

A farkon shekarar 1963 shugabannin kamfanin General Motors na Amurka suka kafa wa rassansu doka cewa babu wanda zai ƙara sa hannu a tseren motoci. Dokar ta fi yi wa reshen Pontiac zafi, domin da tsere ya yi suna a wajen samari. Ga kuma wata ƙa'ida ta cikin gida da ta hana a ɗora wa matsakaiciyar mota injin da ya wuce lita 5.4. Babban injiniyan Pontiac na lokacin, John DeLorean, da abokan aikinsa Bill Collins da Russ Gee, suka lura ƙa'idar ta tsaya ne a kan injin da mota ke fitowa da shi a matsayin nata na asali, ba ta ce komai ba a kan wanda mai saye zai biya ƙarin kuɗi a sa masa. Sai suka ɗauko injin manyan motocinsu, mai silinda 8 da lita 6.4, suka dasa shi a cikin Tempest LeMans, wadda ba ta da nauyi sosai, suka ce zaɓi ne ga mai so a kan ƙarin kusan dala 300. Suka raɗa mata GTO.

An yi tsammanin za a sayar da 5,000 a shekarar farko, sai ga shi an sayar da fiye da 32,000. A 1966 adadin ya kusan kai 97,000. Sauran kamfanoni suka rufa mata baya, Chevrolet da Chevelle SS, Dodge da Charger, Plymouth da Road Runner, Ford kuma da ma ta fito da Mustang ranar 17 ga Afrilun 1964, ta shiga cusa mata manyan injuna. Su ne motocin da Amurkawa ke yi wa kirari da masu ƙwanji: jiki madaidaici, inji na ƙato, farashin da saurayi mai albashi zai iya biya, a zamanin da galan ɗin fetur bai wuce santi 30 da 'yan kai ba.

Abin da ba a cika faɗa ba a wannan tarihi shi ne rabon kanikawa a cikinsa. GTO tana fitowa daga masana'anta da ƙarfin doki 325, wadda aka jera wa kafireta 3 kuma tana da 348. Amma da dama daga cikin waɗanda suka yi tashe a titin Woodward na Detroit, inda samari ke gwada ƙwanji da daddare, sai da suka bi ta hannun wani. A garin Royal Oak akwai dillalin motoci mai suna Royal Pontiac, a garejinsa kuma akwai bakanike Milt Schornack. Sukan karɓi sabuwar mota fil, su sauya mata gasket da wanda ya fi siranta don matsi ya ƙaru, su canza 'yan ƙofofin da fetur ke bi a cikin kafireta, su gyara lokacin da wuta ke isa fulogi. Ba su ƙara wa injin ko silinda ɗaya ba. Ƙarfin da ke kwance a cikinsa suka tasa.

Zamanin bai yi tsawo ba. Kamfanonin inshora suka tsawwala wa samari masu irin waɗannan motoci kuɗi. Dokar tsabtace iska ta 1970 ta sa aka rage wa injuna matsi don su iya shan fetur marar dalma. Sai kuma Oktoban 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka ɗaure bakin famfo saboda yaƙinsu da Isra'ila, gangar ɗanyen mai ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan 12 cikin 'yan watanni. A 1974 GTO kimanin 7,000 kawai aka sayar, daga nan aka dakatar da ƙera ta. Masu ƙwanjin da suka tsira sun zama dukiya: a 2014 an sayar da wata Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen kai a kan dala miliyan 3.5 a wani gwanjo a Seattle.

Kuɗin da ya riƙa fita daga aljihun direban Amurka a gidan mai, wani kaso nasa a baitulmalin Najeriya ya sauka. Rahoton Udoji na 1974 ya kawo wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas. A watan Maris na 1975 Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar haɗa Peugeot, wato Fijo, a Kakuri ta Kaduna, kayan haɗin kuma ta jirgin sama ake kwaso su daga Lyon zuwa Kano, sannan a ƙarasa da su ta hanya. Da ma tun 2 ga Afrilun 1972 ƙasar ta koma tuƙi a hannun dama, motar Faransa mai sitiyari a hagu ta zo a kan gaɓa. Gwamnatin Obasanjo ta mayar da Fijo 504 motar jami'an gwamnati. Ranar 3 ga Fabrairun 1976 aka ƙirƙiro Jihar Bauchi, garin ya cika da sababbin ma'aikata masu rancen mota, ba a daɗe ba kuma masana'antar Steyr ta fara haɗa manyan motoci da tarakta a nan cikin garin. Tashin farashin da ya durƙusar da GTO a can shi ne ya cika titunan Bauchi da Fijo.

Ita 504 ba mai ƙwanji ba ce. Injinta silinda 4 ne, lita 2, ƙarfinsa bai kai doki 100 ba. Jimiri ne nata. Ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai a 1969, Ove Andersson ya ci tseren Safari na Gabashin Afirka da ita a 1975. Turai ta daina ƙera ta a 1983, Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Wagon ɗinta ne ya yi shekaru yana kwasar fasinja daga tashoshin Bauchi zuwa Jos da Gombe da Azare, zuwa Kano ta Ningi, zuwa Maiduguri ta Darazo da Potiskum, kafin Golf da Sharon da Hiace su karɓe layin. Amma wanda ya buɗe bonet ɗinta ya buɗe na GTO zai ga 'yan zamani ɗaya ne: kafireta ce ke dama fetur da iska, kontak ne ke sakin wuta, sanduna ne ke tura bawul, babu na'ura mai ƙwaƙwalwa ko ɗaya. Ɗakin da fetur ke ƙonewa a kan fistin ɗin 504 ma mai siffar rabin ƙwallo ne, tsarin da Chrysler ta yi suna da shi a injinta na Hemi. Duk abin da irin wannan inji yake yi, kunne da ido da hanci da yatsa suna iya riskarsa. Mutanen da suka horar da waɗannan gaɓoɓi har suka zama ma'auni suna nan a cikinmu, kuma a ganina ba mu ba su girman da ya dace da iliminsu ba.

A unguwar Fadaman Mada ta Bauchi na tsaya na kalli ɗaya daga cikinsu yana aiki. Garejin fili ne da inuwar darbejiya, ƙasarsa ta yi baƙi ƙirin da tsohon mai, ga akwatin ƙarfe na kayan aiki, ga yara masu koyo. Wani direba ya shigo da akori-kura 504 da yake bin kasuwannin ƙauye da ita. Bayan sun gaisa ya ce, "Baba, ba ta ja, ga shan mai, in na hau tudu sai ta riƙa tari." Dattijon bai taɓa sifana ba. Ya ce, "Tayar da ita, ka bar ta a silo."

Ya tsaya ya karkata kai, hannu ɗaya a kan fenda. Abin da yake saurare yana da lissafi. Injin silinda 4 da ke juyawa sau 900 a minti yana fashewa sau 30 a kowace daƙiƙa, kuma bi da bi silindojin suke karɓar wuta: ta 1, ta 3, ta 4, ta 2. Kunne ba ya iya ƙirga 30 a daƙiƙa, amma yana jin gurbin da ya buɗe idan ɗaya daga cikin huɗun ta yi rauni, hannun da ke kan fenda kuma yana jin girgizar da ke biyo bayan gurbin. Gurnanin nan na injin V8 da Amurkawa ke ƙauna shi ma daga jerin wuta yake fitowa, domin a tsarin 1-8-4-3-6-5-7-2 na Pontiac hayaƙin kowane ɓangare ba ya fita a tazara ɗaya. Bakanike na can da na nan karatu ɗaya suke yi, baƙin ne ya bambanta.

Daga nan ya sa yaro ya miƙo masa doguwar sukundireba. Ya kafa bakinta a jikin injin, ya ɗora ƙotar a ƙashin bayan kunnensa, yana matsar da ita daga wuri zuwa wuri. Ƙarfe yana kai sauti fiye da yadda iska ke kaiwa, kuma kowace cuta da muryarta. Ƙas-ƙas mai siririn sauti daga sama, wanda saurinsa rabin saurin injin ne, na bawul ne, domin sandar da ke motsa su sau ɗaya take juyawa idan karanshaf ya juya sau biyu. Ƙwanƙwasa daga tsakiya, wadda ke ƙaruwa in an taka totur, alama ce metal ya cinye, kuma idan aka zare wayar fulogin silindar da abin ya shafa sai ƙarar ta lafa, ta haka ake gane ko wacce ce. Wadda ake ji da safe in injin yana da sanyi, ta ɓace in ya ɗumama, fistin ne ke kaɗawa a cikin silindarsa. Bugu mai nauyi daga can ƙasa kuwa shi ne wanda ba a son ji.

Bai ji ko ɗaya daga cikin munanan ba. Sai ya shiga zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ya zare sai injin ya ƙara rawa, har ya zo kan ta uku, ya zare, kusan babu abin da ya canza. Ya dubi yaran ya ce, "Kun ji? Wannan tun da ma a zaune take." Aka kwance fulogan daga can cikin ramukansu, domin a 504 ta tsakiyar murfin bawul ake zura musu hannu, ya jera su a kan tsumma yadda suka fito. Fulogi yana ɗauke da shaidar abin da ke faruwa a inda ido ba ya kaiwa. Wanda bakinsa ya yi ruwan ƙasa-ƙasa lafiya lau yake. Baƙi mai bushasshen kunkunniya, fetur ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa ta ringi ko ta bawul. Fari fat, fetur ya yi kaɗan, zafi ya yi yawa, fistin yana cikin haɗari. Duka huɗun sun yi kunkunniya, na ukun ya fi.

Mai ƙaramin sani da ya ga haka kan kafireta zai faɗa, domin ita ce a sama, ita ce mai sukurorin da ke da daɗin murɗawa. A nan ake gane gwani. Dattijon ya ce sai injin ya huce, a fara da bawul, a bi da kontak, a saita wuta, kafireta ce ta ƙarshe. Dalilin a fili yake: kafireta ba ta tura fetur, injin ne ke zuƙa, ita kuma ta bayar gwargwadon zuƙar. Wanda ya daidaita ta a kan injin da numfashinsa ba daidai ba ya daidaita ta ne a kan cuta, da an warkar da cutar kuma saitin ya tashi.

Tsakanin kan bawul da abin da ke danna shi akwai 'yar tazarar da ake bari don ƙarfe yana miƙewa in ya ji zafi. A injin 504 mai sanyi, bawul na shigar iska milimita 0.10 ne, na fitar hayaƙi 0.25, domin shi wuta ke bi ta kansa, ya fi miƙewa. In tazarar ta yi yawa, bawul ba ya buɗewa sosai, injin ya riƙa ƙas-ƙas yana numfashi sama-sama. In ta yi kaɗan abin ya fi muni, domin bawul ba zai zauna daram ba, matsi ya riƙa zurarewa, wuta ta riƙa lasar gefensa har ya ƙone, kuma shiru yake yin wannan ɓarnar. Abin da ya samu silinda ta uku ke nan: wani ya ɗaure bawul ɗin hayaƙinta tam don ya kashe ƙara. Dattijon ya zaro ma'auninsa na siraran ƙarafa masu lamba, ya sassauta noti, ya murɗa sukurun yana jan ma'aunin gaba da baya har ya ji yana wucewa da 'yar turjiya. Ya riƙe sukurun da hannu ɗaya, ya ɗaure notin da ɗayan, ya sake aunawa, domin ɗaurin kansa yakan motsa saitin. Sannan ya miƙa wa babban yaronsa ma'aunin ya ce ya ja ya ji. Lambar tana rubuce a littafi, amma turjiyar sai a yatsa ake koyon ta.

Kontak ɗan ƙaramin abu ne mai baki biyu a cikin distiributa, yana buɗewa yana rufewa. Lokacin da yake rufe, wutar batir mai volt 12 tana taruwa a kwayil. A daidai ƙiftawar da ya buɗe, kwayil ɗin ya mayar da ita sama da volt 10,000 ya harba wa fulogi. Saboda haka buɗewar kontak ita ce agogon injin. Tazarar bakinsa wajen milimita 0.4 ce, kuma kullum tana raguwa saboda ɗan dunduniyar da ke hawa kan sandar distiributa yana cinyewa, wutar ta riƙa makara ba tare da direba ya sani ba. Shi kuwa fetur yana bukatar lokaci kafin ya gama kamawa, don haka dole tartsatsin ya riga fistin isa ƙololuwa da ɗan kaɗan. In ya makara, fistin ya riga ya fara sauka, ƙarfin ya bi salansa, injin ya yi zafi. In ya yi gaggawa, fashewar ta tare fistin yana hawowa. Tsofaffin kanikawa suna da dabarar saka siririyar takarda a bakin kontak, su juya distiributa a hankali har takardar ta suɓuce, nan ne farkon buɗewa. Dattijon da kunne ya ƙarasa nasa. Ya sassauta distiributa injin yana aiki, ya juya ta gaba har sautin ya tashi ya fara kaushi, ya dawo da ita baya kaɗan, ya ɗaure.

Akwai masu cewa wannan kame-kame ne, ai akwai fitilar saita wuta. Fitilar tana da kyau, duk garejin da ya samu ya riƙe ta. Amma lambar da fitila ke nema an tsara ta ne da sabon inji da fetur mai daraja ɗaya. Motar da ta shekara 30 tana aiki, yau ta sha man gidan mai, gobe na 'yan bumburutu a bakin hanya, ba a kan lambar littafi take ba. Shi ya sa gwajin gaskiya a kan titi ake yin sa: a sa babbar giya ana tafiya a hankali, a take totur har ƙasa, a kasa kunne. In an ji wani siririn ƙyal-ƙyal daga injin, wutar ta yi gaba, a dawo da ita kaɗan. Inda ƙarar ta ɓace, nan ne iyakar abin da wannan injin zai ɗauka da wannan fetur ɗin. Abin da kanikawan Royal Oak ke nema ke nan a GTO.

Sai aka zo kan kafireta, Solex. Aikinta damu ne, kamar damun fura: ruwa ya yi yawa ta tsinke, ya yi kaɗan ta ƙi shayuwa. Injin yana son kusan kashi 15 na iska a kan kashi 1 na fetur in an auna da nauyi, wato kowace lita ta fetur tana tafiya da iskar da ta kai wajen lita 9,000. Duk wanda ya san ƙurar hunturu a Bauchi zai gane abin da wannan adadi yake nufi. Matatar iskar motar nan ta toshe, injin yana zuƙa iska ba ta isowa, sai ya riƙa janyo fetur a madadinta, ga dalilin kunkunniya da shan mai. Direbobi da yawa in haka ta faru sai su cire matatar su yar, mota ta saki, su ji daɗi, ƙura kuma ta shiga goge ringi da silinda kullum. Dattijon ya sa aka wanke matatar, ya kwance kafiretar a kan faranti, ya duba ɗan bututun da ke iyo a ɗakin fetur ya tabbatar bai sha mai ba, ya ɗaga kowace ƙofar fetur ya hango rana ta cikinta. Wani yaro ya ɗauko waya zai zura a ɗaya, dattijon ya riƙe masa hannu. Ƙofar ta tagulla ce, waya tana faɗaɗa ramin, ramin da ya faɗaɗa kuma ba ya komawa, motar ta shiga shan mai ke nan har ranar da za a sayi wata.

Da aka mayar aka tayar, ya murɗa sukurun silo ciki har injin ya fara shaƙewa, ya warware shi har ya fara gurgunta, ya tsayar a tsakani, inda sautin ya fi santsi. Ya zaga baya ya tara tafin hannu a bakin salansa, ya sansana. Sannan ya tambayi direban ko yana hawa Jos. Ba hira yake nema ba. Bauchi tana wajen mita 600 daga doron teku, Jos wajen 1,200, iskar can ta fi siranta, injin da ba shi da abin hura masa iska yana rasa wajen kashi 6 cikin 100 na ƙarfinsa a wannan hawan, damun kuma ya ƙara kauri. Motar da ke bin Toro da Tilden Fulani kullum ba a cika mata fetur kamar wadda ke gangarawa Alkaleri.

Ba duk abin da ake yi a garejinmu nake yabo ba. Cire abin da ke tsare zafin ruwa a bakin lagireto, da sunan wai ƙasarmu akwai zafi, yana sa injin ya daɗe bai ɗumama ba a safiyar hunturu, fetur ya riƙa wanke man da ke jikin silinda. Zuƙar fetur da baki yana cutar da yara masu koyo, ya kamata a daina. Ɗaure kan inji da ƙarfin dantse kawai ya lanƙwasa kawuna da yawa, na 504 kuwa alminiyam ne. Gwanayen da nake magana a kansu su ne suka fi kowa faɗa a kan waɗannan, kuma a akwatinsu za ka samu sifanar awo a naɗe cikin tsumma.

Akwai masu ganin wannan ilimi zai tafi tare da 504. Ban yarda ba. Motocin yanzu suna da kwamfuta, ana jona musu na'ura ta karanto laifi, amma iyakarta ta ce silinda ta uku tana tsallake wuta. Ko fulogi ne, ko kwayil, ko nozul, ko bawul da ya ƙone, sai wanda ya san yadda inji ke numfashi. Yaron da ya fara da wanke noti a cikin kwano, ya koyi gane sifana 13 da ido, ya shekara yana kallon hannun maigidansa kafin a yaye shi, in ya haɗa wannan da na'urar ya fi wanda na'urar kaɗai ya sani nesa ba kusa ba. Ga kuma babura da janareto da injinan ban-ruwa na masu noman rani, galibinsu da kafireta suke aiki. Da aka janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, farashin lita ya ninka kusan sau 3 cikin 'yan kwanaki, rabin juyin sukuru ya zama abin da ke raba direba da riba ko faɗuwa.

Babban aikin da ake gwada bakaniken Fijo da shi shi ne sauke inji. Sirrin daɗewar 504 yana nan: silindojinta ba a jikin gangar injin aka huda su ba, bututu ne guda 4 da ake zurawa, ruwan sanyaya inji yana zagaye su kai tsaye. In sun cinye sai a zare a sa sababbi da fistin da ringinsu, inji ya koma sabo a gindin bishiya ba tare da an kai shi wajen injin huda ba. Amma tsarin yana da sharuɗɗa. Ba a ɗaga kan injin sama kai tsaye, sai an fara gusa shi gefe don ya rabu da gasket, in ba haka ba ya taso da bututun. Da an cire kan, sai a danne bututun da ƙarfe kafin a juya karanshaf, domin in ɗaya ya motsa, abin da ya toshe gindinsa ya saki, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Kowane bututu dole ya ɗara fuskar gangar da ɗan abin da ido ba ya gani sai ma'auni, don gasket ya samu abin cizo. Bakunan ringi ba a jera su a layi ɗaya, ana rarraba su kewaye da fistin don matsi kada ya samu hanya. Notocin kai kuma daga tsakiya ake fara ɗaure su ana fita waje, zagaye bayan zagaye.

Ko an gama haɗawa aikin bai ƙare ba, sauran yana hannun direba. Sababbin ringi sai sun goga da jikin silinda a hankali kafin su zauna, sabon gasket kuma yana lotsawa in ya sha zafi da sanyi. Shi ya sa na ji dattijon yana ja wa mai wata wagon da aka sauke wa inji kunne: "Alhaji, kilomita dubun farko ban da gudu, ban da lodi mai nauyi, kada kuma ka bar ta tana nishi a babbar giya. In ka cika ka dawo min da ita da sassafe." Da sassafe ya ce domin aikin yana son inji mai sanyi. Ranar za a juye baƙin man farko da ɓurɓushin ƙarfen da ya kwaso, a sake bin notocin kai ɗaya bayan ɗaya da sifanar awo, kuma tun da ɗaurin yana sauko da kan injin ƙasa kaɗan, sai an sake auna bawul ɗin nan guda 8 daga farko.